Tambaya da Amsa: Ɗaga A-kori-kura da Sanya Mata Manyan Tayoyi

Assalamu alaikum, masu karatu. Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan karon a kan batu guda suke, wato ƙara wa motar a-kori-kura tsayi da sauya mata tayoyin kamfani da waɗanda suka fi su girma, don haka na ware filin gaba ɗaya ga wannan batu. Na taƙaita wasu daga cikin wasiƙun, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Malam, ina da Toyota Hilux mai ja da ƙafa huɗu wadda nake jigilar amfanin gona da ita. Idan damina ta yi nisa manyan motoci sukan haƙa sawu mai zurfi a hanya, sai cikin motata ya riƙa dukan tudun da ke tsakiya, wani lokaci ma ta zauna a kansa ƙafafu suna juyawa a banza. An ba ni shawarar in ɗaga ta inci 4 in sa mata taya mai inci 35. Tayar da ke kanta yanzu 265/65R17 ce. Me kake gani?

AMSA: Malam, kafin ka sayi komai ka sa a ɗora motar a kan ramin gareji, ka shiga ƙarƙashinta da kanka, ka duba wane ƙarfe ne yake ɗauke da tabon duka, domin amsar tambayarka tana wurin.

Hanyoyin ɗaga irin wannan mota biyu ne. Bodin a-kori-kura a zaune yake a kan shasi, an ɗaure su da notuna, saboda haka ana iya kwance notunan a cusa tubalan roba mai tauri ko na alminiyam a tsakaninsu, bodin ya tashi da inci 1 zuwa 3. Wannan yana buɗe wa taya wuri a cikin madigadi, amma shasi da inji da akwatin giya duk suna nan inda suke, ba su ƙara nisa da ƙasa ko kaɗan ba. Hanya ta biyu ita ce a sauya sifirin da shokabzoba da waɗanda suka fi tsawo, shasin ya tashi tare da duk abin da ke ɗaure a jikinsa. Wannan kam yana da amfani na gaske, domin tsakiyar motar ba zai riƙa sauka a kan doron tudu ba, bambar gaba da ta baya kuma za su rage sharar ƙasa wajen shiga kwazazzabo da fita.

To amma akwai wurin da duk hanyoyin biyu ba sa taɓawa, shi ne tulun da ke tsakiyar aksul na baya, inda haƙoran da ke raba wa ƙafafu biyu ƙarfi suke. Aksul ɗin a haɗe yake da ƙafafun kai tsaye, sifirin yana samansa ne, don haka ko da an ɗaga motar inci 6 tulun nan yana nan a tsayinsa na da. Bisa bayanin da ka yi na sawu mai zurfi da tudu a tsakiya, na fi zaton shi ne yake tare ka. Abin da ke ɗaga shi guda ɗaya ne, tsayin taya, kuma rabin ƙarin da aka yi wa tayar kawai yake samu, tunda aksul a tsakiyar taya yake.

Ga yadda lissafin yake. A lambar 265/65R17, 265 faɗin tayar ne da milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, 17 kuma faɗin wili ne da inci. Gefe ɗaya ke nan milimita 172, gefe biyu 344, idan aka haɗa da wili mai milimita 432 tsayin tayar ya kama kusan milimita 776, wato inci 30 da rabi. Taya 265/70R17 tana da milimita 803, za ta ɗaga tulun da milimita 13. Taya 285/70R17 tana da milimita 831, za ta ɗaga shi da milimita 27. Mai inci 35 da aka yi maka tallarta tana da kimanin milimita 889, ribarta milimita 56 ce, abin da ya ɗan haura inci 2. Ka dubi wannan riba da kyau, sannan ka dubi abin da za a biya dominta: sai an yanke madigadi da wani ɓangare na bodi, sai an sauya haƙoran aksul gaba da baya, birki da boris da sitiyari kuma duk za su ɗauki nauyin da ba a ƙera su dominsa ba.

Akwai kuma abin da masu sayar da kayan ɗagawa ba su cika faɗa ba. A motar da ƙafafunta na gaba kowacce take motsi da kanta, irin Hilux ta zamani, ɗagawar inci 2 tana sauya wurin da ƙafar take zama ne lokacin da motar take tsaye, amma idan ta faɗa rami sifirin ya matse har ƙarshe, tayar za ta hau daidai inda take hawa a da. Tayar da ta yi wa madigadi yawa za ta goge shi ko an ɗaga ko ba a ɗaga ba, sai dai gugar ta koma sai an karya sitiyari a cikin gargada. Don haka gwajin da ake yi a filin gareji bai isa ba, sai an hau da ƙafa ɗaya kan tudu an murɗa sitiyari dama da hagu har ƙarshe an duba.

Shawarata gare ka ita ce ɗagawa ta milimita 40 zuwa 50 da sifirin da shokabzoba masu kyau waɗanda aka ƙera wa wannan samfurin mota, da taya 265/70R17 mai manyan zane. Idan hanyar ta tsananta ƙwarai ana iya kai wa 285/70R17, da sanin cewa sau da yawa sai an ɗan datse robar cikin madigadi. Ka ƙara da farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji da akwatin giya. Wannan ya fi maka inci 4 da taya 35 nesa ba kusa ba, musamman da yake motar neman abinci ce.

TAMBAYA: Na sauya tayoyin motata daga 265/65R17 zuwa 285/70R17. Tun daga lokacin ta yi nauyin tashi, a hawa sai na rage giya, kuma lissafina ya nuna shan mai ya ƙaru sosai. Bakanikena ya ce inji ne ya gaji. Haka ne?

AMSA: Ba na zaton inji ne, Malam, tunda matsalar ta faro ne ranar da aka sauya taya. Sabuwar tayarka ta fi tsohuwar tsayi da kashi 7 cikin ɗari, ke nan a kowane juyi ɗaya tana cin ƙasa fiye da ta da da kashi 7, alhali ƙarfin da aksul yake ba ta bai ƙaru ba. Sakamakon shi ne ƙarfin turawa da ke isa ƙasa ya ragu da kusan wannan adadi a kowace giya, kamar dai kullum kana tashi da giyar da ta ɗan fi wadda ka sa tsawo. A mota mai kuloci, kulocin ne yake shan wahalar tashi da lodi. A mai giyar otomatik kuwa za ka ji tana yawan hawa da sauka tsakanin giya biyu na ƙarshe, man giyar kuma yana ƙara zafi, abin da ke rage kwanan akwatin.

Game da mai, kashi biyu ne. Wani ɓangaren ƙarin na gaske ne, domin tayar ta fi nauyi, ta fi faɗi, manyan zanenta sun fi jan ƙasa, motar da ta ƙara tsayi kuma ta fi kokawa da iska. Ɗaya ɓangaren kuskuren lissafi ne. Mitar motar juyin ƙafa take ƙirgawa bisa tsayin tayar kamfani, don haka idan ta nuna ka yi kilomita 100, a zahiri ka yi 107. Ka riƙa ƙara wannan kashi 7 kafin ka raba da litar da ka sha. Wannan kuskuren yana shafar allon gudu ma, kuma nan ne ya fi damuna: allura tana kan 100 kana gudun da ya kusa 107. Ka gwada da manhajar taswira ta waya a miƙaƙƙiyar hanya, wani na gefenka yana duba maka, za ka ga bambancin. Lokacin juyen mai ma mitar za ta jinkirta maka shi. A wasu motocin ana iya gyara wannan a cikin kwamfutar motar ko da ƙaramar na'ura da ake haɗawa da wayar mitar.

Maganin nauyin tashi na dindindin shi ne sauya haƙoran aksul. A ɗauka cewa naka 4.10 ne, wato farfela tana juyawa sau 4.10 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Da sabuwar tayarka ya zama tamkar 3.83, da taya mai inci 35 kuwa zai zama tamkar 3.58, shi ya sa masu irin wannan taya suke komawa 4.56 ko 4.88. A kashi 7 mutane da yawa suna haƙura su zauna haka, kuma ban ga laifinsu ba in dai ba sa jan tirela ko ɗaukar lodi mai nauyi kullum. Wanda ya yanke shawarar sauyawa a mota mai ja da ƙafa huɗu, wajibi ne ya sauya na gaba da na baya tare su zama lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da ya sa giyar ƙafa huɗu gaba da baya za su yi ta jan juna har wani abu ya karye.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya ɗaga motarsa ta yi tsayi ƙwarai, har sai da taimako nake shiga. Da ita yake ɗaukar iyalinsa a doguwar tafiya, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Shin tsoron uwa ne kawai, ko akwai haɗari?

AMSA: Hajiya, tsoronki yana da tushe, kuma na ji daɗi da kika rubuto. Abin da ke hana mota kifewa a kwana abu biyu ne: nisan da ke tsakanin ƙafar dama da ta hagu, da kuma yadda cibiyar nauyinta take kusa da ƙasa. Hukumar kula da lafiyar motoci a manyan hanyoyi ta Amurka tana auna wannan da lissafi mai sauƙi, a raba nisan tsakanin ƙafafun da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi, kuma duk yadda sakamakon ya ragu haɗarin kifewa ya ƙaru. A matsayin misali, motar da nisan ƙafafunta milimita 1,550 ne, cibiyar nauyinta tana milimita 700 daga ƙasa, za ta ba da 1.11. Idan ɗagawa da taya suka kai cibiyar 770, sakamakon ya sauko 1.01. A-kori-kura dama tun daga kamfani ta fi ƙaramar mota tsayi, ke nan daga ɗan abin da take da shi ake ragewa. A tafiyar yau da kullum direba ba zai ji komai ba. Ranar da abu ya faɗo masa hanya ba zato ya fizgi sitiyari gefe ya dawo da shi, ranar ce bambancin yake bayyana, balle idan akwai kaya a saman rufi.

Birki ma ya raunana. Doguwar taya ta fi ƙarfin juya faifan birki, nauyinta kuma ya fi wuyar tsayarwa, don haka tazarar da motar take buƙata kafin ta tsaya ta ƙaru. Idan tayar irin mai manyan ƙusoshi ce ta laka, wadda ake rubuta wa MT, riƙonta a jiƙaƙƙiyar kwalta bai kai na tayar titi ba. Na'urorin ABS, masu hana ƙafa kullewa idan an taka birki, da na hana zamewa a sababbin motoci an saita su ne bisa tsayi da tayar kamfani. A tsofaffin a-kori-kura da yawa akwai wani bawul a baya da ke auna nauyin lodi ta hanyar duba yadda bodi ya sauko kusa da aksul, ya ƙara ko ya rage ƙarfin birkin baya. Idan aka ɗaga motar ba a gyara sandarsa ba, kullum zai ɗauka babu kaya, ya rage birkin baya ko da an cika ta maƙil.

Ga abin da za ki roƙe shi ya yi. Ya kai ta wurin ƙwararre a duba robobin man birki da wayoyin ABS, a tabbatar ba sa miƙewa har su ɗaure idan ƙafa ta sauka ƙasa gaba ɗaya. A duba ko an jera tubalan ɗagawa biyu a kan juna a ƙarƙashin sifirin baya, ko an sa tubali a aksul na gaba, domin duka biyun ganganci ne kuma sai an cire. A saita fitilun gaba su sauko, saboda fitilar doguwar mota cikin idon mai tahowa take haskawa. Ya rage gudu a kwana, ya ƙara tazara tsakaninsa da na gabansa, kaya masu nauyi su zauna a ƙasan bodi kusa da bayan kujeru, kowa kuma ya ɗaura bel, domin a haɗarin kifewa wurgo mutum waje daga cikin mota shi ne abin da ya fi kisa. Ya kuma binciki dokar ƙasar da yake tuƙi, tunda ƙasashe sun bambanta. A Jamus, alal misali, irin wannan canji sai da amincewar masu binciken motoci. Kamfanin inshorarsa ma ya kamata ya sani. Idan ɗagawar ta wuce inci 3 kuma motar ta iyali ce da yawancin tafiyarta a kwalta take, ni a ganina ya rage ta.

TAMBAYA: Bayan an sa wa motata zoben ƙarfe a saman shokabzoba na gaba, robar shaf ta yage sau biyu, ina jin ƙas-ƙas idan na karya kwana, tayoyin gaba kuma suna cinyewa ta gefe ɗaya. Kayan ne marasa kyau?

AMSA: Mai yiwuwa ne kayan ba su da laifi, kaurin zoben ne ya yi yawa. Shokabzoba a tsakiyar hannun ƙafa yake zaune, ƙafar kuma tana can ƙarshen hannun, saboda haka zobe mai milimita 25 yana ɗaga motar kusan ninki biyu na kaurinsa. Wanda ya sa mai milimita 40 da niyyar samun 40 ya wuce gona da iri bai sani ba. Tulun gaba a jikin shasi yake, ya tashi sama tare da shi, ƙafafun kuma suna ƙasa, sai shaf ɗin da ke haɗa su ya karkace fiye da ƙima. Ninkin robar yana gugar juna har ya yage, giris ya zube, ƙasa ta shiga, gaɓar ta fara wannan ƙarar da kake ji. Bol-join na hannun sama shi ma yana aiki ne a ƙarshen iyakarsa, kuma shi ne abin tsoro, domin idan ya tsinke ƙafar kan kwanta ana cikin tafiya. Haka abin yake ga masu ɗaure sandar murɗawa, wadda ke aikin sifirin gaba a wasu tsofaffin motoci, don gaba ya tashi.

Cinyewar taya kuwa alaimen ne, wato saitin tsayuwar ƙafafu. Duk motar da aka taɓa tsayinta sai an sake mata shi, kuma idan ɗagawar ta yi yawa notunan saiti na kamfani ba za su iya dawo da ƙafar daidai ba, sai an sa hannun sama da aka ƙera don motar da aka ɗaga. Ka rage kaurin zoben har ɗagawar motar ta dawo wajen milimita 50 ko ƙasa da haka, a sauya shaf ɗin da ya fara ƙara, a duba bol-join, sannan a yi alaimen. Mai Land Cruiser 79 da makamantanta masu aksul guda a gaba ba ya fama da karkacewar shaf irin wannan, amma nasa ciwon shi ne sitiyari ya riƙa yawo ko karkarwa idan ba a gyara kwanciyar aksul ɗin ba bayan ɗagawa.

TAMBAYA: Tunda na sa sifirin mai ƙarfi da manyan tayoyi, zan iya ƙara lodi?

AMSA: A'a. Iyakar nauyin da kamfani ya rubuta a farantin da ke jikin ƙofa ko cikin littafin motar tana nan yadda take, domin shasi da aksul da boris da birki ba su sauya ba. Sifirin mai ƙarfi yana hana bayan motar zama ne kawai, wato yana ɓoye alamar da a da take gaya maka kaya sun yi yawa. Girman taya kuma ba shi ne ƙarfinta ba. Ka duba lambar da ke bayan girman, kamar 112S: 112 na nufin kilo 1,120 ga kowace taya, S kuma iyakar gudun kilomita 180 a awa. Mai 121Q tana ɗaukar kilo 1,450 amma iyakar gudunta 160. Kada lambar nauyin ta gaza ta tayar kamfani. Tayar da aka rubuta wa LT gefenta ya fi tauri, ya fi jure dutse da kututture, sai dai tana buƙatar iska fiye da tayar ƙaramar mota kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, don haka a nemi jadawalin iska na kamfanin tayar. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da haruffan DOT a gefen tayar suna nuna mako da shekarar ƙira, 2322 na nufin mako na 23 a 2022, kuma ya kamata mai sayen manyan tayoyi na hannu ya fara duba wannan kafin zane.

TAMBAYA: Tayata tana gugar hannun ƙafa ta ciki, an ce in sa faifai a bayan wili ya turo ta waje. Kuma safayata har yanzu ƙaramar ta kamfani ce.

AMSA: Turo ƙafa waje yana magance gugar ciki, amma yana ƙara wa boris nauyi, yana sa sitiyari ya riƙa fizga a gargada, sau da yawa kuma gugar takan koma bakin madigadi. Na fi son a sayi wili da aka ƙera da zurfin da ya dace. Wanda ya nace wa faifan, ya sa irin wanda yake zama daram a kan cibiyar ƙafa yana da notunansa, a ɗaure da sifana mai auna ƙarfi, a sake duba ɗaurin bayan kilomita 100 na farko.

Safaya kuwa dole ta zama girma ɗaya da sauran huɗun. Ƙaramar taya a gefe ɗaya tana tilasta wa haƙoran cikin tulu aiki ba hutawa, motar ta riƙa ja gefe wajen birki, na'urar ABS kuma tana iya ɗaukar bambancin juyin a matsayin matsala. Kafin ka saya ka gwada ko babbar za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi ba tare da ta taɓa salansa ko aksul ba, ka kuma gwada jak ɗinka a gida, domin na kamfani sau da yawa yakan ƙare tsawonsa kafin ƙafar motar da aka ɗaga ta bar ƙasa.